"Mutuwar mata wajen haihuwa": su wa ake ƙirgawa, su wa ake bari?

Kusan duk wanda ya riƙi makirufo yanzu, ɗan siyasa ne ko mai shirin lafiya, sai ya ambaci "mutuwar mata wajen haihuwa". Wannan "wajen haihuwa" yana sa mai sauraro ya ɗauka maganar ba ta wuce ɗakin naƙuda ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fi haka faɗi. Ana ƙirga duk matar da ta rasu da ciki, ko cikin kwana 42 da rabuwa da shi, komai ƙanƙantarsa, ko a ina ya zauna, muddin cikin ne ko kulawar da aka yi masa ya jawo ciwon ko ya tsananta shi.

Ɗauki cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Fiye da tara cikin goma a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa yake maƙalewa. Bututun siriri ne, ba ya buɗewa kamar mahaifa, sai ya fashe, galibi tsakanin mako 6 zuwa 10. Wataƙila ma matar ba ta san tana da ciki ba. Ɓatan wata ɗaya ne, sai ɗan jinin da ta ɗauka al'ada ce ta makara. Jinin da zai kashe ta kuwa a cikin ciki yake taruwa, yana iya kai lita biyu zanenta a bushe. Jikin mai ƙuruciya yana da ɓoye rauni: awon hawan jini kan nuna lafiya lau har sai ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jininta. Abin da ke fara tona asiri shi ne bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya, ido ya yi fari fat, mara na murɗawa gefe ɗaya, jiri in ta miƙe, wani lokacin har da ciwo a saman kafaɗa. A nan ake kuskuren da ya fi ɓata rai: a ce gyambon ciki ne ko taifot, a ba ta magani ta koma gida. Alhali gwajin fitsari na minti biyar ya isa ya sa a nufi hoton ciki. Duk macen da ke shekarun haihuwa ta zo da ciwon mara ko suma, a gwada ta, ko da ta ce ba ta da ciki. In bututun ya fashe, ƙarin ruwa riƙe ta kawai yake yi kafin tiyata da ƙarin jini.

Wannan baiwar Allah a sashen cututtukan mata take cikawa, kuma in mai cike takardar mutuwa bai rubuta tana da ciki ba, ta fita daga lissafi ke nan. Haka wadda ɓari ko zubar da ciki ya bar wa saura, ba a yi wankin ciki da wuri ba, har cuta ta shiga jini.

Masu sankarar bakin mahaifa kuwa ba sa cikin ma'aunin sam, shi ya sa ba a cika jin su a bakin masu jawabi ba. A ƙiyasin hukumar, ta kashe mata kusan 350,000 a duniya a 2022, mutuwar da ta shafi ciki kuma kusan 260,000 a 2023. Ciwo ne da kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 daga kamuwa da HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa shi, tazarar da ta isa a gano shi a magance, amma da yawa sai ya ci jiki suke zuwa asibiti. Ƙarin yana danne hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda har ƙodar ta tsaya, ko jini ya ƙi tsayawa. Alamomin da aka raina tun farko su ne jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, da ruwa mai wari.