Neman asalin kakanni a Ireland: me ya sa takardun ke da giɓi?

Da gaske ne duk takardun tarihin iyalai na Ireland sun ƙone?

Ba duka ba, amma ɓarnar ba ƙarama ba ce. Ranar 30 ga Yuni, 1922, a farkon yaƙin basasa, wuta ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts, ginin manyan kotuna, a Dublin. Ƙidayar jama'a ta 1821, 1831, 1841 da 1851 ta tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba, haka wasiyyoyi na ɗaruruwan shekaru da fiye da rabin littattafan cocin Angilika. Sai dai ba komai za a ɗora wa gobarar ba. Takardun ƙidayar 1861 da 1871 gwamnati ce da kanta ta lalata su, na 1881 da 1891 kuma aka narkar da su lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

To me ya rage?

Ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan, kyauta a shafin ma'ajiyar tarihi ta ƙasar. Rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati, wadda ta soma ga kowa a 1864, ba a wannan ginin take ba, don haka ta tsira. Littattafan cocin Katolika ma a hannun limaman coci suke. A 2015 ɗakin karatu na ƙasa ya sa hotunansu a intanet, galibi har zuwa wajen 1880. Matsalar ita ce wasu majami'un karkara, musamman a yamma, ba su fara rubutu ba sai tsakiyar ƙarni na 19. A nan babu abin da ya ƙone, tun asali ba a rubuta ba.

Me ya sa mutum zai ƙara shekara goma sha biyar cikin shekara goma?

Wannan ita ce ke ruɗa masu bincike. Ka ga dattijo ɗan 58 a 1901, ka same shi ɗan 73 a 1911. A 1909 aka fara biyan fanshon tsufa ga wanda ya kai 70, kuma duk wanda ya kai wannan shekarun an haife shi kafin a soma rajista. Wasu sun ƙara da gangan, wasu kuwa ba su taɓa sanin shekarunsu ba, sai da kuɗi ya shigo suka zauna suka yi lissafi. Abin ya zo da alheri: jami'ai sun riƙa duba ƙidayar 1841 da 1851 don tabbatar da shekarun masu nema, kuma takardun wannan bincike sun tsira bayan asalin ya ƙone.

An yi wa jariri baftisma kafin ranar haihuwarsa. Kuskure ne?

Sau da yawa ba kuskure ba ne. Akwai tara ga wanda ya makara wajen rajista, sai uba ya matso da ranar haihuwar gaba don ya tsira da kuɗinsa. Littafin coci ya fi zama abin dogaro, tunda Katolika kan kai jariri cikin 'yan kwanaki.

Idan suna ya ɓace gaba ɗaya fa?

A gwada wani rubutun. O'Sullivan kan koma Sullivan, Bridget ta zama Delia ko Biddy, limamin coci kuma ya rubuta James da Latin, Jacobus. Ga kuma Babbar Yunwa ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kusan miliyan suka yi hijira. Iyalin da ya ɓace daga littafi a 1848 wataƙila yana Liverpool ko Boston.

Daga ina ya kamata a fara?

Ba daga Ireland ba. Wanda kakansa ya je Amurka ya fara da takardar mutuwa, ta zama ɗan ƙasa, ko rubutun kan kabari a can, yana neman sunan ƙauye. Ireland na da ƙananan yankunan ƙasa fiye da 60,000, kuma masu suna Patrick Murphy ba sa ƙirguwa. Da sunan yanki a hannu sai a buɗe littafin kimanta filaye na Griffith, na 1847 zuwa 1864, wanda ya jera mai haya, mai ƙasa da girman gona. Bai ambaci mata da 'ya'ya ba, sai wanda hayar ke hannunsa.