Yaro Ake Koyarwa Ko Mutum-mutumi? Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsara Manufar Darasi Tare da Ɗalibai

Ƙananan mutum-mutumi irin su Bee-Bot da Ozobot da Thymio da na kamfanin LEGO sun shiga azuzuwa a ƙasashe da dama. Yara ba sa bukatar lallashi kafin su taɓa su. Aikin da ya rage wa malami shi ne ya tabbatar an tashi daga darasin da wani ilimi a ka.

Tunda yara suna jin daɗin na'urar, me ya sa za a tsaya zancen manufa?

Saboda na'urar tana iya isa inda ake so alhali yaron bai fahimci komai ba. Ɗauki Bee-Bot, wanda ake ba umarni ta danna maɓallan da ke bayansa: kowane taku nasa santimita 15 ne, kowane juyi digiri 90. Yaro zai yi ta dannawa, ya goge, ya sake, har ya dace na'urar ta faɗa gidan da aka nuna a kan shimfiɗa mai gida-gida, aji ya ɗauki tafi. Gobe a sauya masa wurin farawa, sai ya yi turus.

"Mu kai mutum-mutumi jan gida" aiki ne. "Mu koyi jera umarni daki-daki har mu iya faɗin inda zai tsaya kafin mu danna" ita ce manufa. Ta farko tana magana kan na'ura, ta biyu kan yaro. A ganina duk manufar da na'ura ce ke aikata komai a cikinta, a sake rubuta ta.

Ai tsara manufa aikin malami ne. Ina ruwan yara?

Malami ne ke zaɓo abin da za a koya daga manhaja, wannan babu ja. Ba za a jefa ƙuri'a kan ko za a koyi kusurwa ba. Abin da ake yi tare shi ne yara su faɗi manufar da bakinsu, sannan su taimaka a fito da alamomin da za su nuna an cim mata. A 1998 Paul Black da Dylan Wiliam na King's College da ke Landan sun tattara bincike mai yawa kan auna fahimta a cikin aji, kuma cikin abin da suka jaddada akwai cewa ɗalibi ba zai iya auna kansa ba sai ya san sarai inda aka dosa.

Hanya mai sauƙi ita ce ka rubuta jerin umarni biyu a allo, ɗaya daidai, ɗaya da kuskure. Tambaye su wanne zai yi aiki, kuma ta yaya suka gane. Daga amsoshinsu alamomin za su fito: "Na zana hanyata a takarda kafin in danna." "Na faɗi inda zai tsaya." "Da ya kauce, na nuna umarnin da ya jawo haka." Uku ko huɗu sun isa. Kada ka gyara musu lafazi ya koma irin na littafin tsarin darasi, bar shi yadda suka faɗa.

Wane irin ilimi ne ya dace a sa a gaba?

Wanda na'urar za ta fallasa idan ba a gane shi ba. Seymour Papert, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro yaren kwamfuta na Logo a 1967, ya yi aiki da wani ɗan mutum-mutumi da ake kira kunkuru, mai yawo a ƙasa yana zane da alƙalami. Yakan sa yara su taka hanyar da ƙafarsu, su lura da juyin jikinsu, sannan su ba kunkuru umarni.

Ga misalin da har yanzu yake kama yara, har da manya. Ka ce su sa na'ura ta zana alwatika mai gefuna daidai. Sun san kowace kusurwarta digiri 60 ce, don haka za su ce ta juya 60. Bayan tafiya uku zanen bai rufe ba, rabin siffa mai gefe shida ce ta fito. Juyin da ake bukata 120 ne, domin duk wanda ya zagaya siffa ya dawo yana kallon inda ya fara, jimillar juyinsa 360 ce, a raba uku. Manufa a nan ita ce yaro ya iya lissafa juyin kowace siffa mai gefuna da kusurwoyi daidai: 90 ga murabba'i, 72 ga mai gefe biyar. Alwatikar da aka zana shaida ce kawai.

Haka taya. Idan faɗin da'irarta daga gefe zuwa gefe ta tsakiya santimita 5.6 ne, juyi ɗaya zai kai ta wajen santimita 17.6, mita ɗaya kuma na bukatar juyi kusan 5.7. Yaron da ya lissafa haka da wanda ya yi ta cankar lamba duk na'urorinsu za su tsaya a kan layin mita ɗaya, amma ɗaya ne ya koyi kewayen da'ira.

Dole a faɗi manufa tun farkon darasi?

A'a. Idan so kake su gano 120 da kansu, rubuta ta a allo ɓata darasin ne. Fara da tambaya, a bar zanen ya ƙi rufewa, sai a tsaya a ce: to, me muke bukatar mu sani? Manufar da ta fito a wannan lokacin ta fi zama musu a rai. Tsarin koyar da rubuta umarnin kwamfuta mai suna PRIMM da Sue Sentance da abokan aikinta suka gabatar a 2017 ma da hasashe yake farawa, sannan gwadawa, bincike, sauyawa, sai ƙirƙira a ƙarshe.

Na'ura ɗaya, yara huɗu. Manufar ta wa ce?

Ta kowa, shi ya sa ake raba aiki: mai zana hanya, mai dannawa, mai hasashe, mai rubuta abin da ya faru, a riƙa juyawa bayan kowane gwaji. In ba haka ba, mai baki ko mai saurin hannu zai rungume na'urar, sauran su zama 'yan kallo. Kowane yaro yana iya ƙara ƙaramin burinsa a kai. Wata za ta ce yau sai ta bambance dama da hagu idan na'urar tana fuskantarta, abin da ke rikita ƙananan yara sosai.

Idan yaro ya kawo burin da ya fi ƙarfin na'urar fa?

Wani zai ce so yake ta share aji. Kada a kashe masa gwiwa. A tambaye shi me za ta fara iyawa kafin nan. Ta tsaya idan ta ga bango? To ga manufar makon nan: amfani da umarnin "idan kaza, yi kaza".

Ta yaya za a san an cim ma manufar?

A koma kan alamomin da suka rubuta, kowa ya duba kansa, sannan malami ya gwada su da abin da ba su gani ba. Sauya wurin farawa. Ba yaro jerin umarni mai kuskure ɗaya ya nemo shi. Mafi kyau, ɗauke na'urar gaba ɗaya, ka ba shi takarda ya nuna inda za ta tsaya.

A kuma yi hattara da ɗaya gefen. Batir yana rauni, taya tana santsi a kan tayil, na'ura tana iya kaucewa ko da umarnin daidai ne. Yaron da ya duba jerin umarninsa ya ce "ba daga nan ba ne, a duba batir", kuma ya kawo dalili, ya cim ma manufar ko da mutum-mutuminsa bai kai jan gida ba.