Ba a kashe Copernicus saboda littafinsa ba

An daɗe ana cewa da masanin taurari Nicolaus Copernicus ya rubuta cewa duniya ce ke zagaya rana, sai coci ta kama shi ta hallaka shi. Ba haka aka yi ba. Ya rasu a 1543 yana da shekara 70, sakamakon shanyewar ɓarin jiki, a shekarar da aka buga littafin nasa a birnin Nuremberg na Jamus. Shi kansa ma'aikacin coci ne, kuma ga Fafaroma Paul na Uku ya sadaukar da littafin. Tun 1536 ma wani babban limami, Kadinal Schönberg, ya rubuto masa yana roƙon ya fitar da aikin.

Yawancin masana taurari na lokacin kuwa lissafin da ke cikin littafin suka ɗauka, suka bar maganar motsin duniya. Erasmus Reinhold ya yi amfani da shi wajen tsara jadawalin taurari a 1551. Masu musu kuma suna da hujja: in duniya na tafiya, me ya sa ba a ganin taurari suna sauya wuri a tsakanin junansu? Wannan na cikin abubuwan da suka hana masanin taurari Tycho Brahe yarda.

Sai a 1616, zamanin rigimar Galileo, masanin da ya goyi bayan ra'ayin Copernicus, coci ta dakatar da littafin har a gyara wasu wurare.