Kwamfutar hannu a matsayin allon zanen babbar kwamfuta

Wannan wata hanya ce da masu zane ke haɗa kwamfutar hannu, irin su iPad ko Galaxy Tab, da kwamfutar tebur ko laftof, ta yadda manhajar zane kamar Krita, Photoshop ko Clip Studio Paint za ta ci gaba da aiki a babbar kwamfutar, amma mai zanen yana ganin aikinsa a fuskar kwamfutar hannun, yana kuma zana shi a kai da alƙalami. Aikin da allunan zane masu fuska irin Wacom Cintiq ke yi ke nan, sai dai a nan da na'urar da mutum ya riga ya mallaka ake yi.

Yadda yake aiki

Saƙo biyu ne ke kai-komo. Babbar kwamfuta tana ɗaukar hoton fuskarta sau da yawa cikin daƙiƙa, ta matse shi ya zama bidiyo, galibi da tsarin H.264, ta tura. Ita kuwa kwamfutar hannu tana mayar da bayanin alƙalami: inda bakinsa ya taɓa, ƙarfin dannawa, da karkatarsa. Duk nauyin aikin, wato burushi da shafukan zanen da ake jerawa bisa juna, yana wuyan babbar kwamfutar. Shi ya sa tsohuwar kwamfutar hannu ma kan wadatar, muddin alƙalaminta na kirki ne.

Alƙalami

A nan ne mafi yawan mutane ke yin asarar kuɗi. Alƙalamin nan mai bakin roba da ake sayarwa da arha yatsa kawai yake kwaikwayo, bai san dannawa mai ƙarfi da mai sauƙi ba, don haka layinsa kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma babu manhajar da za ta sa ya ji dannawa. S Pen na Samsung yana amfani da fasahar maganaɗisu ta Wacom, yana rarrabe matakan dannawa 4,096, ba ya kuma buƙatar caji don zane. Apple Pencil na farko, wanda ya fito a 2015, da na biyu duk suna jin dannawa. Amma a kula: wanda Apple ya fitar a 2023 da sunan Apple Pencil USB-C ba ya jin dannawa sam, ko da yake yana jin karkata. Ga mai zanen da ke son layi ya yi siriri ya yi kauri bisa nauyin hannunsa, wannan bai dace ba.

Manhajojin haɗi

Sidecar na Apple ya zo a 2019 tare da macOS Catalina da iPadOS 13. Kyauta ne, amma tsakanin Mac da iPad kaɗai yake aiki, dole su kasance a kan asusun Apple ɗaya, kuma idan ba da kebul za a haɗa ba, tazararsu kar ta wuce mita 10. Astropad da Duet Display na kuɗi ne, suna iya haɗa iPad da Windows. SuperDisplay yana haɗa Android da Windows ta USB ko Wi-Fi. Weylus kyauta ne, ba ya buƙatar a saka komai a kwamfutar hannu illa burauza, kuma a Linux ne ya fi ba da cikakken aikin alƙalami.

A wasu manhajojin Android haɗi ta kebul yana buƙatar a kunna USB debugging. Ana shiga bayanan na'ura a saiti, a taɓa Build number sau 7, zaɓin masu ƙirƙirar manhaja ya bayyana, sannan a kunna shi daga can.

Matsalolin da aka fi gamuwa da su

Alƙalami yana zane amma layi ba ya sauya kauri. Idan alƙalamin mai jin dannawa ne, yawanci laifin daga Windows yake, domin hanyoyi biyu take da su na karɓar saƙon alƙalami: tsohuwar WinTab, wadda ke dogara da direban kamfanin allo (ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon), da Windows Ink. Manhajojin haɗi galibi ta Windows Ink suke bi. A Krita ana shiga Configure Krita, sashen Tablet Settings, a zaɓi Windows Ink, a rufe manhajar a sake buɗewa. A Clip Studio Paint zaɓin sunansa Tablet PC.

Jinkiri shi ne babban aibin wannan hanya, wato layi ya riƙa biyo alƙalami a baya. A fuska mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kowane hoto yana cin kusan kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa, sannan a ƙara lokacin matsewa da turawa da warwarewa. Hotuna biyu ko uku suka makara, hannu zai ji, musamman wajen jan layi da sauri. Wajen shafa launi ba a cika damuwa ba. Kebul ya fi Wi-Fi tabbas. In ya zama dole sai Wi-Fi, a hau zangon 5 GHz maimakon 2.4 GHz mai cunkoso, a zauna kusa da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi. Rage girman hoton da ake turawa ma yana taimakawa. Zirga-zirgar hoton a cikin gida take, ba ta cin data.

Idan kwamfutar ba ta ga na'urar ba alhali tana caji, a fara zargin kebul. Akwai kebul masu yawa da wayoyin wuta kawai ke cikinsu, babu na bayanai. Haka kuma baturi na iya raguwa ko da kebul na jone, saboda ramin USB 2.0 wat 2.5 kawai yake bayarwa, USB 3.0 kuma wat 4.5, abin da bai kai cin fuska mai cikakken haske ba. Rage haske da cire rigar na'urar suna rage ci da zafi.

Wani lokaci alamar burushi kan kauce wa bakin alƙalami. Fasalin fuskokin ne ya bambanta: yawancin iPad 4:3 ne, laftof da yawa 16:9. Maimakon a kwafi fuskar laftof ɗin, gara a mai da kwamfutar hannu fuska ta biyu mai zaman kanta, a ja tagar manhajar zuwa can. A Windows, bambancin girman rubutu tsakanin fuskokin biyu, kamar 100% da 150%, shi ma yana jawo wannan kaucewa.

Launi kuwa, abin da ake gani a kwamfutar hannu bidiyo ne da aka matse, ba ainihin fayil ba, don haka siririn layi mai launin ja kan yi dishi-dishi. A kashe True Tone da Night Shift a iPad, domin suna sa fari ya koma rawaya-rawaya, kuma a duba launin ƙarshe a babbar fuska kafin a miƙa aiki ko a kai shi ɗab'i.