Hawan dutse kusa da gari: wanne za ka zaɓa in kana Kano ko Zariya?

Wai dole sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu dutsen hawa?

A'a. Mutumin Kano yana da Dala da Gwauron Dutse a cikin birni, na Zariya kuma yana da Kufena, wadda Wusasa ke zaune a gindinta. A ganina dutsen da ya fi maka amfani shi ne wanda za ka iya kai wa bayan sallar asuba, ka hau, ka sauko, ka dawo gida kafin a gama dama koko. Wanda ke nesa sau ɗaya za ka je shi a shekara, ka ɗauki hoto, shi ke nan. Jiki kuwa maimaici yake so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma hawa uku ko huɗu tare da tattakin zuwa da dawowa sun ci kaso mai tsoka daga ciki.

Wanda bai taɓa hawa ba, daga ina zai fara?

Daga Dala. Tsayinsa mita 534 ne daga matakin teku, amma kada adadin ya tsorata ka, domin Kano kanta a kan tudu take, abin da ƙafarka za ta hau bai kai mita 100 ba. Akwai matakala, don haka ba sai ka yi rarrafe ba. Za ka ji numfashi ya fara sama-sama wajen tsakiya, cinya ta ɗau zafi. Tsaya, dafa gwiwa, ka huta, babu wanda kake tsere da shi.

Da ka kai sama sai gajiyar ta gushe. Ga tsohon birni shimfiɗe a ƙarƙashinka, rufin kwano yana ƙyalli, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da ke kusa da Gidan Rumfa, ga wajen Kasuwar Kurmi, ga Gwauron Dutse can yana fuskantarka. In da sassafe ne za ka ga hayaƙin masu ƙosai yana tashi daga lunguna, ka ji karatun almajirai yana tasowa daga ƙasa. Sannan ka tuna inda kake tsaye. A nan tarihin Kano ya ce Barbushe yake zaune, mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wurin a da, kuma a gindin wannan dutse aka samu alamun narkar da ƙarfe tun wajen ƙarni na 7, tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko. Abin yana ba ni takaici in na ji Bakano ya haura shekara arba'in bai taɓa taka saman Dala ba, alhali baƙi daga ƙasashen waje suna zuwa takanas domin shi.

Mene ne bambancin Dala da Kufena?

Dala jan dutse ne na marmara, gajere, mai shimfiɗaɗɗen kai. Kufena kuwa fa ne, wato falalen dutse mai sulɓi, ya fi girma, kuma babu matakalar da za ta riƙe ka har sama. Yana neman ƙarfi da lokaci fiye da Dala, sannan yana neman ɗan gari wanda ya san hanya. In an yi ruwa, ka haƙura da shi har ya bushe, domin jiƙaƙƙen fa ba ya da amana.

Wane lokaci ya fi dacewa?

In kallo kake so, ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba. Ruwa ya wanke sararin sama, gari ya yi kore, ido yana kai wa nesa. Lokacin hunturu hawan yana da daɗi saboda sanyi, sai dai hazo kan rufe komai, mai asma kuma ƙurar za ta dame shi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40, saboda haka in hantsi ya ɗaga ka bari sai gobe. In ka ga hadari ya haɗo kana sama, sauko nan take, tsawa ta fi faɗa wa wuri mai tudu.

Me zan riƙe?

Gorar ruwa, 'yan dabino, da takalmi mai kama ƙasa irin kambas. Silifas shi ke kayar da mutane, musamman wajen saukowa. Mace ta sa wando a ƙarƙashin zani, ta zaɓi hijabin da ba zai ja ƙasa ya harɗe ta ba. Ledar ruwan da ka sha kuma ka sauko da abarka, dutsen ya gaji da shara.

Mai hawan jini ko ciwon gwiwa fa?

Ya fara ganin likita. Mutane suna zaton hawa ne mai wuya, alhali saukowa ta fi cin gwiwa, domin duk nauyin jiki a kanta yake sauka. Ka sauko a hankali, a karkace, da sanda in da hali. Wanda ya ji ƙirji ya riƙe, ko jiri ya ɗebe shi, ya zauna, kuma hawan ranar ya ƙare. Mai ciwon suga kada ya hau da yunwa.

Batun tsaro kuma?

Kada ka hau kai kaɗai, kada kuma magariba ta same ka a sama. Ku tafi ku uku ko huɗu, ku yi sallama ga mutanen da kuka tarar a gindin dutsen, ku tambaye su hanyar da ake bi, su suka san gefen da ba a zuwa. Duwatsun da ke bayan gari, irin na Kwatarkwashi a hanyar Gusau, suna da kyau ƙwarai, amma a halin da Zamfara ke ciki sai ka ji daga bakin mutanen wurin kafin ka ɗaura takalmi.