Waiwaye: Hotunan jirgin kwal a garin da dogo bai taɓa isa ba

Layin dogo bai taɓa shiga Damagaram ba. Duk tsohon hoton kan jirgi mai hayaƙi da aka tsinta a akwatin wani dattijo a unguwar Birni ko Zango, a wani wuri aka ɗauke shi, galibi Kano ko Nguru. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen Nguru kuwa sai 1930. Gyaɗa da fatun ƙasar Damagaram kan bi raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, zuwa waɗannan tashoshi, jirgi ya kwashe su zuwa Ikko. Faransawa ba su ji daɗin haka ba, shi ya sa a 1953 suka fito da shirin Hirondelle don karkata kaya ta Parakou zuwa Kwatano, a ƙasar Benin ta yanzu.

Kan jirgin kansa yana faɗin shekarun hoto. A fara ƙirga ƙafafun gefe ɗaya: ƙarama ɗaya a gaba, manya huɗu da sanda ta haɗa, ƙarama ɗaya a baya, shi ake kira 2-8-2, don ana haɗawa da na ɗaya gefen. Jerin kawunan jirgin da aka raɗa wa sunayen koguna irin wannan ne, kuma sai bayan yaƙin duniya na biyu suka iso daga Ingila. In tukunyar tana rataye tsakanin injuna biyu, tankin ruwa a gaba, kwal a baya, to Garratt ne. Faɗin dogon ma shaida ne: babban layin wancan zamani milimita 1,067 ne, amma ƙaramin layin Zariya zuwa Jos 762 ne, an rufe shi a 1957. Ganin kan dizal a gefe na nufin hoton bai riga tsakiyar shekarun 1950 ba.

Hayaƙi ma ana karanta shi. Baƙi ƙirin alama ce ta kwal ɗin Inugu da bai ci da kyau ba. Fari tas tururi ne, ya fi fitowa da sanyin safiyar hunturu. A Ingila, inda jirgin tururi ya yi ban kwana da babban layi a watan Agusta 1968, masu sha'awa kan yi hayar jirgi sukutum don yawo da ɗaukar hoto, har su sa direba ya koma baya ya sake wucewa da hayaƙi. Namu hotunan na aiki ne, ba na ado ba.

Abin da ke kashe su a nan sananne ne. Hunturu na busar da fuskar hoto ta nannaɗe, in aka miƙe ta da ƙarfi sai ta tsage. Laimar damina kan manna ta da gilashi, kuma wanda ya manne kada a ɓamɓare, a ɗauki hotonsa a haka. Gara na gamawa da sauran. Mafi muni shi ne liƙe shi da roba a na'ura mai zafi, don ba a warware wannan. A riƙe ta gefe, a sa takarda marar rubutu tsakanin kowane biyu, a ɗaga akwati daga ƙasa da bangon laka. In za a kwafe shi a kwamfuta, a yi da dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, gaba da baya, domin tambarin mai hoto yana baya. Sunan tasha da shekara a rubuta da fensir. Tawadar biro tana ratsa takarda.