Ƙurajen aski: gashinka ne ya koma cikin fata

Mutane da yawa suna zuwa wurinmu da ƙuraje a haɓa da wuya, suna cewa cuta suka ɗauko daga reza, ko kuma jininsu ne ya ɓaci. Sau da yawa ba haka ba ne. Idan reza ta yanke gashi, bakinsa yakan yi tsini kamar allura. Gashin da ke da nannaɗewa, irin na yawancin baƙar fata, yana tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fatar, ko ya maƙale a ciki tun bai fito ba. Jiki kuwa ɗaukarsa yake kamar sartse, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har da mugunya. Mata masu tsige gashin haɓa da hantsaki su ma haka, don gashin yakan karye a ƙarƙashin fata.

Abin da ya fi damuna shi ne matsar ƙurjin da farce. Don Allah a daina. Matsar tana ƙara jawo baƙin tabo, a wasu ma tabon ya tashi ya yi tauri, kuma irin wannan yana da wuyar magani.

Idan ƙurajen sun fito, a ajiye reza na mako 3 zuwa 4. Gashin zai yi tsawo ya zame daga fatar da kansa. Kullum a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a ɗora a wurin na ɗan lokaci, sannan a goga a hankali da buroshi mai laushi. In ana ganin gashin ya yi baka a saman fata, ana iya ɗago bakinsa da allura mai tsabta, amma kada a tsige shi, kada kuma a tona fata ana nemansa.

Idan an dawo aski, kilifa ta fi reza, musamman in an bar gashin kamar milimita 1. Wanda dole sai reza, ya jiƙa gemun da ruwan ɗumi, ya sa kumfar aski, ya bi inda gashin ya kwanta. Kada ya ja fatar ta miƙe, kada ya maimaita wuri ɗaya. Reza mai baki ɗaya ta fi mai baki uku ko huɗu. Kuma kada a yi tarayya da kowa a reza, saboda ciwon hanta.

Man bilicin ba maganin tabon nan ba ne, wasu ma suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata. In wurin ya yi zafi, yana zubar da mugunya, ko ƙurajen sun ƙi tafiya, a ga likita. Macen da gashin fuska ya yi mata yawa, al'adarta kuma tana rikicewa, ta faɗa wa likita duka biyun a zama ɗaya.